Sulke da Bargon Ntate Phakiso

Ntate Phakiso mai allurar tumaki (Ntate a wurinmu baba ke nan) bai taɓa fita ƙofar gidansa ba bargo ba tun da ya zama mutum. Na san wannan ba labari ba ne a Mokhotlong, garinmu na kan tsaunuka, inda sanyi ke shiga har cikin haƙori, amma nasa ya wuce maganar sanyi. Ko a watan Janairu, da mu a nan muke tsakiyar zafi, rana tana dukan tsakar ka, za ka gan shi a naɗe, ƙaton fil a kafaɗar dama, gumi yana bin gemunsa. Idan ka ce masa ya cire ya sha iska, sai ya dube ka kamar ka ce ya cire wando.

Tun yana shekara bakwai yake bin tumaki a kan duwatsu. Da ya tasa ya tsallaka iyaka, ya yi shekara shida a ramin zinariya, ya dawo da rediyo da tari da kuma tabbacin cewa babu injin da bai sani ba, saboda ya taɓa tsayawa kusa da wani babba. Daga nan ƙungiyar masu tumaki ta yankinmu ta tura shi kwas na mako uku, aka ba shi akwatin allura, aka ce ƙauyuka goma sha huɗu na kan tsauni nasa ne. Shekara ashirin da shida yana zagaya su a kan doki. Dokinsa na ƙarshe sunansa Kwamiti, domin sai an yi ta magana kafin ya motsa, in ya motsa kuma ba inda aka ce yake nufa ba.

Allurar ba ita kaɗai yake kaiwa ba. Shi ke kai saƙon gaisuwa da na mutuwa, shi ke raba faɗan makiyaya, shi ke faɗa wa mutanen wannan ƙauye abin da na wancan suka ce a kansu, ya ƙara gishiri. Duk inda ya sauka ana tarbarsa da kwanon motoho, kununmu mai tsami, a ba shi dutsen zama mafi faɗi a bakin garke. A gari ba kowa ba ne, tsoho ne mai warin maganin tumaki. A can sama kuwa, in ya yi gyaran murya har karnuka shiru suke yi.

To, Kwamiti ya tsufa, haƙoransa suka zube, sai kwamiti na gaskiya ya zauna. Shugabansu, Ntate Mosala, ya ce doki wata guda yake ci kafin ya gama zagaye, babur kuwa mako ɗaya. Aka sayo babur na hawan dutse, mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu ƙulu-ƙulu. Aka gindaya wa Ntate Phakiso sharaɗi: ya koyi tuƙi, ya sa kayan kariya daga kai har ƙafa, kuma ya kawo takarda da sa hannun mai koyarwa kafin ƙarshen Afrilu, lokacin da ake fara allurar ƙaiƙayi. In bai kawo ba, za a ba wa mai jini a jika ƙauyukan, shi kuma a ba shi tsintsiya ya riƙa share gashi a rumfar askin tumaki.

Mai koyarwar ni ce, Moipone. Shekarata tara ina ɗauko jinin gwaji daga ƙananan asibitocin tsauni a kan babur. A shekarata ta farko na karya ƙashin kafaɗa saboda na ce tafiyar kusa ce, ba sai na sa sulke ba, kuma har yau in hadari ya haɗo kafaɗar tana tuna mini. Shi ya sa ba na wasa da kayan kariya, kuma mutane suna cewa ina da saurin fushi. Ba ni da saurin fushi. Mutane ne ke da saurin ba ni haushi.

Tuƙin kansa bai ba mu wahala ba, abin da ya ba ni mamaki. Mahayin doki ya riga ya san miƙewa a kan likafa, ya san barin abin hawa ya yi rawarsa a ƙarƙashinsa. Matsalarsa kawai in yana son tsayawa sai ya ja kan babur baya yana cewa "hoo, hoo", ya manta da birki, in kuma ya tsaya lafiya sai ya shafa tanki yana sa masa albarka. A cikin tsohon garken ƙungiya mai katangar dutse muke koyon, kuma a nan kaɗai yake yarda ya rataye bargonsa, bayan ya sa na rantse ba wanda zai leƙo. Ni da wautata na ɗauka an gama da zancen bargo ke nan.

Da ya iya, muka shiga motar haya zuwa Maseru, babban birni, zaɓen kaya. Shagon na wani Abuti Tlali ne (Abuti kuwa yaya namiji ke nan), mutum mai haƙurin da na yi ta mamaki har yau. Ya fito da awon tela ya nufi kan Ntate Phakiso.

"Kai, Abuti, tsaya," in ji tsohon yana ja da baya. "Akwatin gawa za ka yi mini?"

"A'a Ntate, so nake kada a yi maka shi da wuri."

Awon ya nuna matsakaiciya, shi kuma ya miƙa hannu ya ɗauko hular kwano mafi girma a shagon. Ya ce ai sai ya bar wa hularsa ta sanyi wuri a ciki, da kunnuwansa, da tunaninsa. Abuti Tlali bai yi musu ba, ya ɗora masa, ya ce ya girgiza kai da ƙarfi. Ya girgiza. Kai ya dawo gaba, hula ta tsaya tana kallon hagu.

"Ntate, kana ina?"

"Ina ciki. Wa ya kashe wuta?"

Aka sa masa daidai kansa, mai makarin haɓa, wadda ta matse kumatunsa har leɓensa ya turo gaba. Ya ce ta shaƙe shi, muryarsa tana fitowa kamar ya cika baki da papa, tuwonmu na masara. Abuti Tlali ya nuna masa cewa haka ake so: ta kama kumatu, kada yatsa biyu su shiga tsakaninta da goshi, in aka ja ta baya kada ta tashi. Sai kuma ya kafe a kan baƙa yake so, wai ita ce ta dattawa. Na ce mai launin ruwan lemo zai ɗauka, don in ya faɗa kwazazzabo mu gano shi kafin ungulu.

"Ausi, bakinki ba ya faɗin alheri," in ji shi. Ausi yake kirana, wato 'yar'uwa.

"Ntate, ɗauki hular."

Da aka zo kan takalmi aka yi yaƙi. Ya ɗaga ƙafarsa ya nuna farin takalminsa na roba mai dogon wuya, irin na kowane makiyayi, ya ce da shi ya tsallake koguna, da shi ya binne ubansa, da shi kuma zai hau babur. Abuti Tlali ya tambaye ni ko ina da guzuri. Na ciro dafaffen dankali guda biyu. Ya jefa ɗaya cikin takalmin robar, ɗaya cikin takalmin babur mai ƙarfe a baki da maɗaurai huɗu, ya ɗauko tayar baya da bakin ƙarfenta ya sake ta a kan kowanne. Na cikin robar da cokali za a kwaso shi. Ɗayan ya fito lafiyarsa ƙalau.

"Ƙafata dankali ce?" in ji Ntate Phakiso. Amma na ga ya daɗe yana leƙen cikin takalminsa, sannan ya karɓi mai lafiyar ya cinye a tsaye.

Ya sa sababbin, ya miƙe, idon sawu ya ƙi lanƙwasuwa. Ya yi taku uku yana tangaɗi irin na maraƙin da aka haifa da safe, ya rungumi wani mutum-mutumi da ke sanye da rigar tsere, har ya ba shi haƙuri. Makarin gwiwa kuwa a gwiwar hannu ya fara ɗaura su, ya ce sun yi masa yawa. Da aka mayar da su ƙafa aka ce akwai na dama akwai na hagu, ya ce gwiwoyinsa tagwaye ne, ba su taɓa rabon kaya ba. Tabarau mai robar kare ƙura ya sa shi a kife, hancin yana goshi. Safar hannu ya ce ta mata masu zuwa coci ce, sai da aka nuna masa taurin da ke bayan yatsun, ya gwada naushin kanta da ita ya ji daɗi. Abin da ya ƙi ƙememe shi ne makarin wuya. Ya juya shi sama da ƙasa ya ajiye.

"Wannan karkiya ce. Ku kawo garma mana ku gama da ni."

Abuti Tlali ya ce wannan ɗin ba dole ba ne ga mai tafiyar hankali, na bar shi ya ci wannan zagayen, don na lura tsoho yana bukatar cin wani abu ban da dankali.

Sulken ƙirji shi ne ya sace zuciyarsa. Da farko ya sa bayan a gaba, faifan kashin baya ya tokare masa haɓa, amma da aka juya shi, aka ja maɗaurai, aka ɗaura masa faffaɗar ɗamarar da ke riƙe ƙugu, sai ya tsaya gaban madubi. Kafaɗu sun buɗe, ƙirji ya taso, tumbi ya shige. Ya juya gefe, ya juya ɗaya gefen, ya ƙwanƙwasa ƙirjin da yatsa.

"Malineo ba ta taɓa ganina haka ba," ya ce a hankali. "Ko ranar aurenmu."

Sai ya miƙa hannu ya ɗauko bargonsa daga kan kanta, inda ya ajiye shi da ƙyar don a gwada masa sulken. Ya yafa shi yadda kowane namiji ke yafawa, ya rufe hannun hagu, bakin ya haɗu a kafaɗar dama, ya soka fil, gefen ya sauka har ƙwauri. Ya dube mu yana murmushi, wai a je.

Abuti Tlali ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ntate, kuloci a hannun hagu yake."

"Zan zuro hannun ta ƙasa."

"Sarƙa ma a hagu take. In wannan gefen ya shiga cikinta, babur zai tsaya, kai ba za ka tsaya ba."

Muka gwada sa sulken a kan bargon. Maɗaurai suka ƙi haɗuwa, ya koma kamar buhun gashi da aka ɗaure da sauri, hannuwa a buɗe sun kasa sauka. Abuti Tlali ya kawo masa riga mai kauri da ba ta shan ruwa, mai ɗumi fiye da bargo uku. Ya ce riga ta 'yan sanda ce da masu karɓar haraji, in ya shiga ƙauyen Ha Ramosa da ita kowa zai ɓoye tumakinsa. Na yi lallashi, na yi bayani, na nuna masa tabon kafaɗata. Da na gaji sai na yi abin da na fi iyawa, na ɗaga murya har masu wucewa suka leƙo. Na ce masa ba bargo a kan babur, magana ta ƙare. Ya ce shi kuma ba ya hawa tsauni tsirara, tasa ma ta ƙare. Muka dawo Mokhotlong, awa bakwai a kujera ɗaya, ba wanda ya ce wa wani ko sannu.

Saura kwana shida wata ya ƙare na je gidansa, ba don na huce ba, sai don ban son in zama wadda ta miƙa masa tsintsiya. Na iske matarsa, Mme Malineo (Mme uwa ke nan, haka muke kiran matan aure), tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ta saurari ƙarata, ta saurari tasa, ta karkaɗe hannu ta ce ya je ya sa kayan duka. Ya fito yana taku ƙwas-ƙwas. Ta karɓi bargon, ta ninka shi biyu ya gajarce, ta ɗora masa a kafaɗu, ta haɗa bakin a tsakiyar ƙirji ta soka fil, sauran ta cusa a ƙarƙashin ɗamara ta ja ta tamau. Duka bai kai minti biyu ba. Na zagaya shi, na ja nan na ja can, babu abin da ke lilo, hannu biyu a sake. Na ce in haka ne na yarda.

Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon fil ɗin da ke tsakiyar ƙirjinsa, daidai inda na matarsa yake, daidai inda nawa yake in na yafa.

"Malineo. Ni kika yi wa ɗaurin mata?"

"Ɗaurin masu aiki na yi maka," in ji ta, ta koma kan tankaɗenta. "Shekara talatin da shi nake ɗaukar itace da ruwa da 'ya'yanka. Ku da kuke ɓoye hannu ɗaya, da ma aikin hannu ɗaya kuke yi."

"In aka gan ni haka a Ha Ramosa, na mutu."

"To zauna a gida da ranka. Akwai tsintsiya a bayan ƙofa, ka fara gwaji."

Da zan tafi ya biyo ni bakin hanya ya ce ranar Alhamis za mu yi gwajin, amma ta hanyar bayan gari za mu fita, kuma da sassafe.

Ha Ramosa ita ce ƙauye mafi nisa a cikin goma sha huɗun, kuma can na zaɓa, don wanda ya kai can ya dawo babu inda zai gagare shi. Ya fito da bargonsa na zuwa coci, mai ruwan toka da zanen masara, Mme Malineo ta ɗaura masa da kanta. Aka ɗaure akwatin allura a baya. Kuma in faɗi gaskiya, ya yi tuƙin da ya burge ni. Ya miƙe a kan matakai a wurin duwatsu, ya ratsa rafi bai kashe inji ba, a gangare ya tuna da birkin baya, sau ɗaya kawai na ji "hoo" ta cikin hula. Ina biye da shi a kan nawa babur ina murmushi ni kaɗai, har na fara tunanin da wane biro zan sa hannun.

Saura lanƙwasar hanya ɗaya a hango ƙauyen ya tsaya ya ce zai zaga bayan dutse, in yi gaba in jira shi, bai dace mace ta tsaya kusa ba. Na yi gaba kaɗan na kashe inji. Can na ji ƙarar nasa. Na waiwaya, sai ga Ntate Phakiso yana tahowa a miƙe, ya warware bargon gaba ɗaya, fil ya koma kafaɗar dama, hannun hagu ya zuro ta ƙasa, gefen yana kaɗawa a iska. Ya yi kyau, ba zan hana shi ba. Na ɗaga hannu biyu ina ihu, shi kuma ya ɗauka jinjina nake yi masa, har ya gyaɗa mini kai.

Sai sarƙa ta kama gefen bargon. Tayar baya ta tsaya cak. Na ga an fizge shi baya da gefe, fil ya ɓalle ya yi sama, shi kuma ya bi ƙasa da ƙirji, ya yi ta gurzuwa a kan tsakuwa har kansa ya haɗu da wani dutse. Ƙarar da na ji ba na son in sake jin irinta.

Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Na ji tsoro, tsoro na gaske. Yana kwance rub da ciki bai motsa ba. Na durƙusa ina kiran sunansa, ina tunanin abin da zan je in faɗa wa Mme Malineo. Sai wata murya ta fito daga cikin hular, a shaƙe.

"Ausi. An gan ni?"

Na sa shi ya motsa yatsun hannu da na ƙafa kafin na bar shi ya juya. Hular ta samu rami a gefen goshi wanda babban yatsana ya shiga. Sulken ya kwarzane daga wuya har ciki, makarin gwiwar hagu ya tsage biyu, bakin takalmi ya goge har ƙarfe ya fito. Shi kansa ko ƙwarzane babu, sai leɓe da ya ciza. Da na tabbatar ba abin da ya karye, tsoron ya juye ya zama fushi, na zazzage masa shi duka. Na ce masa tsohon banza, mai taurin kai, wanda ya fi son a ce gawarsa ta yi ɗaurin maza. Na ce wannan ramin da ke jikin hula a kansa ya kamata ya kasance, ko ruwan sama ya samu hanyar shiga ya jiƙa ƙwaƙwalwar. Na ce hula ta gama aikinta, sai an sayo wata, kuma shi zai yi wa Ntate Mosala bayani. Na ciro takardar daga aljihu na nuna masa wurin sa hannun, na ce ya kalle shi da kyau, haka zai koma fari.

Ya ja jiki zuwa wurin babur, ya ciro wuƙarsa, ya fara yanke bargon daga cikin sarƙa. Rabinsa ya riga ya zama tsumma da baƙin mai. Ya daɗe yana yi, ni kuma ina tsaye ina huci. Da ya gama ya zauna a ƙasa da ragowar a cinya, ya cire hula.

"Kin taɓa shiga rumfar aski da rana, Ausi?" ya tambaye ni, bai ɗago ba. "Ba taga. Mutum yana shara, yaran da na yi wa iyayensu allurar tumaki suna cewa tsoho matsa. Ni ban iya zaman ɗaki ba. In na kwana uku ban ga bayan wancan dutsen ba, ƙirjina toshewa yake yi."

Ban shirya wa wannan ba. Na shirya wa gardama.

"Kuma kin san bakin mutanen Ha Ramosa. Abin da suka kira ka da shi yau, da shi za a binne ka."

"Na sani, Ntate. Amma ni ba zan sa hannu a kan mutumin da ke ɗauri ɗaya a gabana, wani a bayan dutse ba. In ka shiga ƙauyen nan da fil a ƙirji, ka cire hula kowa ya ga fuskarka, to ba sauran abin da za ka ɓoye gobe, zan sa hannu. In ba za ka iya ba, mu juya tun nan, ba wanda zai ji abin da ya faru daga bakina."

Ya dubi hanyar da muka fito, ya dubi kwanar da ke gaba. Sannan ya tashi ya shiga laluben tsakuwa har ya tsinci fil ɗinsa, ya miƙar da shi da haƙori. Ragowar bargon ba ta ma bukatar ninki. Ya ɗora ta a kafaɗu, ya haɗa bakin a ƙirji, ya soka ya zame, ya sake sokawa ya zame.

"Ausi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ta dama kuke shigar da shi ko ta hagu?"

Na karɓa na soka masa, na cusa sauran a ɗamara. Idona ya ciko, na ɗora laifin a kan ƙura.

Muka shiga Ha Ramosa a giya ta ɗaya. Maza suna zaune a jikin katangar garke suna shan hantsi, su goma sha wani abu, kowa da sandarsa. Babbansu, Ntate Lebenya, wanda idonsa ya fara rauni amma bakinsa bai taɓa yi ba, ya taso yana dogara sanda. Ya dube ni, ya dubi na kusa da ni mai hular lemo da tabarau da fil a ƙirji, ya cire hularsa ta sanyi don girmamawa.

"Sannunku da hanya, iyayenmu mata. Ke Ausi na gane ki. Wannan Mme fa, daga asibiti take? Kai, ga ta kuwa da ƙirji, Allah ya sa ba ta da miji." Maza suka yi dariya. "Ina Phakiso? An ce mana yau zai zo da doki mai hayaƙi. Ko ya faɗi a hanya?"

Injin Ntate Phakiso yana kunne. Na ga hannunsa na dama a kan totur, na ga ya dubi filin da zai ishe shi juyawa. Takardar tana aljihuna. Sai ya kashe injin. Ya zare safar hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga tabarau, ya kwance maɗaurin haɓa, ya ciro kansa.

Wurin ya yi tsit har ana jin tumaki suna tuƙa. Ntate Lebenya ya matso har hancinsa ya kusa taɓa fil ɗin, ya ɗaga kai ya dubi gemun, ya sake duban fil ɗin. Wani a baya ya saki wata 'yar ƙara ta hanci, shi ke nan aka ɓarke. Ɗaya ya zame daga kan dutsensa ya kwanta yana dukan ƙasa. Mata suka fito daga ɗakuna da ludayi a hannu, wata ta zagaya shi ta ce an kuwa ɗaura daidai, wa ya koya masa.

"Mme Phakiso!" in ji Ntate Lebenya yana share hawaye. "Mme Phakiso, sannu da zuwa!"

Ya sauko a hankali, takalman suna ƙwas-ƙwas, kunnuwansa sun yi ja. Ya kwance akwatin allura, ya ajiye shi a kan dutsen nan mafi faɗi, ya buɗe, ya ɗaga kwalbar magani yana duba ta a hasken rana. Ni kuma na shimfiɗa takardar a kan tanki.

"Na'am," in ji shi. "Mme ta iso. A fito da tumakin."